Fai Ba Ɗan Gidan Kowa Ba Ne

Malam Awaisu yana sussukar masara a ƙofar gidansa a Malumfashi, matarsa Hansai ta miƙo masa waya, ta ce 'yarsu Najiba ce daga jami'a.

"Baba, yi mini barka!" in ji ta. "Tun damina nake fama da Fai, ba barci, ba cin kirki. Yau na tabbatar ba ɗan gidan kowa ba ne!"

Sai layi ya yanke.

Malam Awaisu ya ajiye masarar. Fa'izu ne ko Faisal? Yarinya saura ƙiris ta kammala karatun lissafi, za ta watsar saboda wani marar asali, har tana neman barka? Ya aika mata cewa lallai ta zo gida ranar Asabar.

Da ta iso ranar Asabar, ko mayafi ba ta cire ba ya tsare ta.

"Wane ne Fai? Mutumin ina ne?"

"Sunan dai na Girkawa ne, Baba."

"Innalillahi! Hansai, kin ji ko? To ina ya tsaya a karatu?"

"Ai ba ya tsayawa, ba shi da ƙarshe."

Sai a nan Najiba ta gane. Ta durƙushe tana dariya har da hawaye. Ta jawo faifai da zare, ta auna kewayensa, ta ɗora zaren a kan faɗinsa. Ya kai sau uku da 'yan kai.

"Wannan uku da 'yan kai shi ne Fai, kuma haka yake fitowa a kowane abu mai da'ira. Lambobin da muka saba da su kowace tana da gida, wato akwai lissafin ninkawa da tarawa da cikakkun lambobi da ke mayar da ita sifiri. Shi kuwa babu irin wannan lissafin da zai mayar da shi sifiri, shi ya sa ba ɗan gidan kowa ba ne. An daɗe da gano haka, amma malaminmu ya ce kowa ya kafa hujjar da hannunsa. Tawa ta ci, Baba!"

"Wato lamba ce? Ba shi da gemu?"

"Ko gashi ɗaya."

Hansai ta rangaɗa guɗa. Malam Awaisu ya fizge zaren, ya auna bakin turmi, ya auna murfin tukunya, ya tuɓe hularsa ya auna, yana ƙyalƙyala dariya. Ya fita da gudu ba takalmi, ya tare maƙwabcinsa Manu a kan keke.

"Sauka, Manu! Ba ni tayar nan!"

"Malam, lafiya? Masallaci za ni!"

"Ba a tayar da iƙama ba tukuna. Riƙe mini bakin zaren!"