Darajar Janar a Rundunar Dutse

Sau uku Janar yana danna maƙerin da ke cikin wasan yaƙi na wayarsa, sau uku maƙerin yana juya masa baya: "Ba ma yi wa irinku aiki."

"Ni? Ni ne irinku?" Ya buga hannu a kan kantar shagon kayan motar da yake tsaro, har kwalin fulogi ya faɗo.

Kawunsa, mai shagon, yana kan benci yana goge tabarau. "Wa ya taɓa mana Janar? Janar ɗin da ko ɗan sanda ya yi tari sai ya shige bayan taya."

Sunan ma a wasan ya raɗa wa kansa. Wata uku ya yi yana yi wa Rundunar Dutse bauta a ciki, har darajarsa ta kai Amintacce: kaya rabin kuɗi, kasuwar cikin ganuwa a buɗe. Jiya kwaɗayin wani takobi ya sa ya raka ayarin abokan gabarsu. Yau ya wayi gari Abin Zargi. Mai magani ya ninka masa farashi uku, maƙeri ya ƙi gyara masa sulke, ga yaƙi ƙarfe biyar, abokan wasansa sun ce in ya zo da fasasshen sulke za su kore shi.

"Rakiya ɗaya fa, Kawu! Wannan ai zalunci ne."

Wani bakanike ya shigo da gudu, hannu duk baƙin mai. "Ranka ya daɗe, takalmin birki na bas. Fasinjoji na ciki, har da mai naƙuda."

Janar ya ɗago ido kaɗan. "Babu."

"Ga shi can ina gani."

"Na wani ne. Ka koma layin baya, inda na gan ka kana sayayya ran Talata."

Kawu ya miƙe a hankali, gwiwa na ƙara, ya ɗauko kwalin ya miƙa wa bakaniken. "Yi sauri, ɗana. Allah ya sauke ta lafiya."

Janar bai ko kula ba. Ya gano hanyar wanke kansa: ya ɗebo wa maƙerin itace dami arba'in. Nan take ya duƙufa, harshe a waje, babban yatsa na kai da kawowa.

Kawu ya tsaya yana kallon ƙeyarsa. Shekara shida bai taɓa ganin ya ɗaga ko galan ɗin man inji ba sai da ƙorafin ciwon baya.

Ya fita bakin ƙofa ya kira 'yarsa. "Uwata, kin ce kina neman aiki? Gobe ƙarfe takwas ki zo ki karɓi makullin shago."

"To Yaya fa?" ta tambaya.

Kawu ya leƙa ciki. "Ya samu aiki wurin wani maƙeri."

"Saura dami talatin da bakwai!" in ji Janar, yana murmushi.