Saƙo a Ƙarƙashin Benci

Wutar ta sake ɗaukewa a daidai lokacin da Dogara ke cewa, "Hajiya, kin ga yanzu ta zauna." Ƙwan da ke rufi ya mutu, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya, ƙaramin firjin da ke kusurwa ya yi shiru.

Hajiya Balki ba ta ɗaga murya ba. Yanzun nan ta zauna a kan benci tana murza gwiwarta, ta dubi agogon hannunta.

"Na huɗu ke nan, Malam Dogara," ta ce. "Ƙarhe nawa za su ruhe kwantenar?"

"Ƙarfe huɗu, Hajiya."

"To, ɗaya ta wuce."

Abin da suke ciki ɗaki ne mai taya, irin wanda masu hali ke ja da mota su je daji su kwana don nishaɗi. Hajiya Balki ba nishaɗi ya kawo ta Guangzhou ba. Unguwarzoma ce daga Maraɗi, ta yi shekara talatin a asibitin gwamnati, da ta ajiye aiki sai ta ƙudura zagaya ƙauyukan Dakoro tana karɓar haihuwa. A baje kolin Pazhou ta ga tirelar, ba gadon ko murhun ne ya ja ta ba, firjin ne. Akwai allurar da ake yi wa mace in jini ya ɓalle bayan haihuwa, kuma zafi na kashe ta. Tun safe ta faɗa, ta kuma maimaita: in wutar ba ta tsaya ba kafin huɗu, a mayar wa masana'anta kayansu, jirgin ruwan Lome ya tafi ba tirelar.

Dogara ne ya zaɓar mata wannan a cikin guda shida. Shekararsa tara a garin, kafin nan mai gyaran wutar mota ne a Ƙofar Ruwa, Kano. Yanzu sana'arsa ita ce duba wa 'yan kasuwa kaya kafin a loda, kuma ba shi da shago ko allo, sunansa kaɗai yake ci da shi. A Xiaobei, unguwar da baƙin fata suka fi yawa, in an ce Dogara ya duba, mai kaya kan tafi ya ci tuwonsa hankali kwance. Shi ma ya san haka, yana kuma son a faɗa a gabansa.

Mutum na uku a tirelar shi ne Liang, ma'aikacin da masana'anta ta turo daga Foshan. Siriri ne, ya haura hamsin, yana yawo da kwalbar shayi mai ganye a ƙasa. Tsakaninsa da Dogara sai waya mai fassara da 'yan kalmomi.

"A wurinmu lafiya lau take," in ji wayar Liang da muryar mace.

"Kowa haka yake cewa," Dogara ya ce da Hausa, don Hajiya ta ji.

Ta miƙe ta fita shan iska. Dogara ya ɗaga murfin bencin na ɓangaren dama, inda batir yake, ya ɗora mita. Sha uku da ɗigo biyu, lafiya ƙalau, ga ƙwai ya kama, ga fanka na juyi kamar ba ita ba. Ya ɗaure kawunan batirin ko da yake a ɗaure suke. Ya zare fis ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga su sama yana leƙawa. Ya hau rufi ya bi wayar sola, ya kwanta a ƙasa ya kankare inda wayar ƙasa ta kama jikin ƙarfe. Siton da aka ajiye tirelar ya yi zafi irin na garin, mai ɗanko, rigarsa ta manne masa a baya. Har batir suka canza da wani sabo da Liang ya zo da shi. Hajiya ta dawo, ta dubi ƙwan, ta ce madalla, ta zauna. Wuta ta ɗauke.

Liang ya ajiye kwalbarsa ya kai hannu kan murfin hagu na bencin.

"Mei yo," Dogara ya ce da sauri, wato babu. "Na duba nan. Babu komai."

Liang ya dube shi, ya janye hannu. Karo na biyu ke nan da aka yi haka tun safe.

Akwai komai. A ƙarƙashin murfin hagu akwai jakar bakko ɗauke da kulolin abinci guda uku, masu ruwan zinariya, waɗanda matarsa Mero ta yi wata biyar tana turo masa hotonsu. Jiya da yamma, da ya zo shi kaɗai, ya cusa jakar a wurin, ya danna da gwiwa har murfin ya rufu. Ya riga ya gaya wa Tankari, direban da zai ja tirelar daga Lome, ya ciro ta ya ba motar Kano.

A wurin Dogara wannan ba laifi ba ne. Mutanenmu na Guangzhou ba sa iya ganin fili a kwantena su ƙyale shi. In mota ake aikawa, sai an cika but, an cika ƙarƙashin kujeru, har cikin safaya taya an sa safa. Wanda yake lodi kuma ba ya cewa a'a ga saƙo, don gobe shi ma zai nema. Sai dai Hajiya Balki ta ja kunnensa tun ranar farko. 'Yan duwan, wato kwastan, sun taɓa riƙe mata kayan asibiti wata guda saboda turaren wani da ba ya cikin takarda. "Ko allurar ɗinki kada a sa mini," ta ce, shi kuma ya amsa da in sha Allahu. Shi ya sa ya bi kowace waya a tirelar nan, ban da wadda ta ratsa ta ɓangaren hagu. Ya gaya wa kansa cewa kula ba ta shan wuta.

Wajen biyu da rabi wayar Liang ta yi ƙara. Maigidansa ne. Liang ya nisanta wayar daga kunnensa, muryar ta cika tirelar. Sinancin Dogara na kasuwa ne, amma ya isa ya tsinci abin da ake faɗa: in tirelar ta dawo Foshan, kada Liang ya wahalar da kansa zuwa aiki ranar Litinin. Liang bai ce komai ba sai "hao, hao", wato to, to. Da aka kashe, ya buɗe kwalba ya kurɓi shayi.

"Mi ya ce?" Hajiya ta tambaya.

"Faɗa yake masa."

"Ya kamata. Wannan in a daji ta yi mini haka, da mace kwance gabana, wa zan kira?" Ta dafa bango. "Bari in yi azahar, lokaci na ƙurewa."

Ta miƙe. Kafin ƙafarta ta kai matakala ƙwan ya kama, firji ya ɗauki gurnani.

Dogara ya bi ta da ido har ta shige ofishin siton. Sannan ya dubi bencin. Ya zauna a inda ta tashi, wuta ta ɗauke. Ya miƙe, ta dawo. Ya sake zama, ya sake miƙewa. Kunya ta kama shi tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda rabonsa da ita tun yana koyon aiki.

Ya ɗaga murfin hagu ya ciro jakar. A bayanta ga babbar wayar da ta taso daga batir, da mahaɗinta mai kama da filogi, ya zare rabi. Shi ya ture shi jiya da gwiwarsa. In ba kowa a kan benci, bakin ƙarfen na taɓa juna. Da an zauna katako ya lotsa, jakar ta danne wayar, sai su rabu. Ya tura mahaɗin ya ji ya ce ƙas. Aikin bai kai daƙiƙa uku ba.

Liang ya durƙusa ya ɗaure mahaɗin da igiyar roba, ya ja ya tabbatar. Sannan ya yi rubutu a wayarsa ya miƙo, bai kunna muryar ba.

"Tun safe na ga hannun jakar ya leƙo. Baƙuwarka ce. Na jira ka."

Dogara ya karanta sau biyu. Sai ya ɗauki jakar ya fita ya tura ta bayan wasu kwalayen tayil.

Da Hajiya ta dawo ta tarar da komai na aiki. Ta zauna, ta tashi, ta sa su duka uku suka hau bencin. Ta sa aka jijjiga tirelar daga waje. Ta buɗe firji ta sa hannu ta daɗe. Uku da kwata.

"Alhamdu lillahi. Mi ne ne ya lalace?"

"Wani mahaɗi ne ya saki, Hajiya. An ɗaure."

"Sabon abu, mahaɗi ya saki." Ta girgiza kai. Liang ya ciro takardar masana'anta, wadda ake rubuta abin da aka tarar da wanda ya jawo, mai kaya ya sa hannu. Ta karɓi biro. "Rubuta musu da Turanci, Malam Dogara, ka ce sakacin ma'aikacinsu ne. In sun ga dama su hukunta shi, gobe ba ya sakewa. Kai kuwa Allah ya yi maka albarka, ba banza ake yabonka ba."

Liang bai ji Hausa ba, amma ya ga inda biron ya nuna. Ya tsaya riƙe da kwalbarsa yana kallon ƙasa. Masu lodi sun riga sun matso da motar ɗaga kaya, direban na danna ham.

Dogara ya karɓi biron, ya ajiye shi a kan firji. Ya sauka, ya je bayan kwalayen, ya dawo da jakar ya dire ta a gabanta.

"Wannan ce ta ture shi. Ni na sa ta jiya. Ba ruwan mutumin nan."

Hajiya Balki ta zuge jakar ta leƙa. Ta ciro kula ɗaya, ta juya ta, ta mayar.

"Na wa ne?"

"Na mai ɗakina."

"Suna da kyau," ta ce. Ta zuge jakar ta tura masa da ƙafa, a hankali. "Rubuta abin da ya faru, in sa hannu."

Ya rubuta, ta sa hannu. Ta sa aka buɗe kowane murfi da kowace durowa a gabanta, har akwatin safaya, kuma Liang ta nuna ya buɗe, ba Dogara ba. Huɗu saura minti goma tirelar ta shiga kwantena, aka ɗaure tayoyinta, aka buga hatimi. Kafin ta hau tasi ta ce wa Dogara ya karɓar mata lambar Liang, don baɗi tana son ta biyu, kuma shi take so ya duba mata. Dogara ya rubuta lambar da hannunsa ya ba ta. Liang ya ce masa shiye-shiye, wato na gode, ya ɗaga kwalbar shayinsa, ya nufi tashar bas.

A jirgin ƙasa Dogara ya sami wurin zama, jakar a kan cinyarsa, kulolin na ƙwanƙwasar juna duk sanda aka taka birki. Ya san kafin magariba labarin zai riga shi isa Xiaobei. Ana saura tasha biyu wayarsa ta yi ƙara. Alhasan ne, mai sayen yadi a kasuwar Shahe.

"Oga Dogara! An ce jibi kana da lodin Alhaji Moussa. Wallahi ɗan ƙullin mayafai ne, ko a ƙarƙashin kujera ma ya shiga."

Dogara ya gyara wa jakar zama.

"Babu wuri," ya ce.

"Haba, kai da ba ka taɓa..."

"Babu wuri, Alhasan. Nawa ma ga shi nan a hannuna."