Yadin Inna Talatu

"Ɗaga murya, Murja, ba na jin ki!"

Ruƙayyatu ta manna waya a kunne, ta toshe ɗayan da yatsa. Kiɗa ya cika saman jirgin ruwan. Yara sun yi shigar dodanni, wani da ƙaho, wata da kan kabewa, suna bin ma'aikata da ƙananan bokitai ana zuba musu alewa. Halowin suke ce wa abin. Kwana uku ke nan da barinsu Jidda, kuma yau ce ranar da jirgin ba ya tsayawa ko'ina, ruwa gaba, ruwa baya.

"Na ce Inna Talatu ta rasu," in ji Murja, maƙwabciyarsu ta ƙasan bene. "Da hantsi. Ta sha shayinta, ta jingina da bango, shi ke nan. Za a yi mata salla a Harami bayan Magariba. Ummu Shahad, ina likkafaninta yake?"

Ruƙayyatu ta yi salati, ta zauna a kujerar bakin wurin ninƙaya. Shekara ashirin ƙofarta na kallon ta Inna Talatu a unguwar Jarwal ta Makka. Tsohuwar tela ce, ba ɗa ba jika, ga baki kamar almakashinta. Ita ce ta ja Ruƙayyatu kasuwa wata shekara suka sayi farin yadi bandir guda, suka raba biyu, suka jiƙa da Zamzam, suka shanya a saman gida. Ranar ta ce, "A wannan za ki naɗe ni. Kada ki bari a sa mini na sadaka." Ruƙayyatu ta amsa, kuma ta san alkawari kaya ne.

"Yana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gadonta."

"Mun buɗe. Guntu kawai muka samu, ko yaro ba zai rufe ba."

"Ku sake dubawa, billahi yana nan."

Haushin kanta ya kama ta. Da ma ba ta so tafiyar nan ba, mijinta Lurwanu ne ya nace, tsohuwar kuma ta goya masa baya. "Ni da na tsallako tekun nan a kwalekwale ina 'yar shekara shida, ke ce za ki ji tsoron otel mai iyo? Tashi ki tafi, kin ishe ni da zama."

Wata 'yar fatalwa ta taho da gudu, farin ƙyalle har ƙasa, idanu biyu na leƙowa ta huda. "Mama, shufi! Dubi, na zo ta biyu a gasar shigar dodanni!"

Shahad ce, autarta mai shekara takwas. Ruƙayyatu ta miƙa hannu za ta ture ta, sai ƙanshin kafur ya bugi hancinta. Ta kama gefen ƙyallen ta juya. Ga shuɗin zare nan a kusurwa, alamar da Inna Talatu ta sa don kada rabonta ya haɗu da na Ruƙayyatu.

"Ke! Ina kika samo wannan?"

"Jadda Talatu ta ba ni." Yarinyar ta ja da baya. Jadda, wato kaka, take ce wa tsohuwar. "Wallah ban ɗauka ba. Na ce mata duk yara suna da kaya ban da ni, ke kuma kin ce ba za ki sayi kayan shirme ba. Sai ta jawo akwati. Ita ta yanka, ita ta ɗinka."

Ruƙayyatu ta duba hudar idanun. An kalmashe bakinsu da ɗinkin hannu, ƙanana, a jere. Duk Jarwal mutum ɗaya ce ke irin wannan ɗinki, kuma da idanun da suka dushe, aikin yini guda ne.

"Me ta ce miki?"

"Ta ce ya gaji da zaman akwati, in kai shi ya sha iskar teku. Ta ce kada in gaya miki, wai ke sarkin mita ce."

Dariya da kuka suka zo wa Ruƙayyatu lokaci ɗaya, ta rasa wanda za ta fara. Kai, tsohuwar nan! Har ta mutu ba ta daina yi mata wayo ba.

"Ummu Shahad, kina ji na?" Murja na nan a waya. "Lokaci na tafiya. Masu wanka sun ce suna da nasu, kyauta."

"A'a." Muryarta ta tsaya cak. "Makullina yana wurinki. Ki shiga ɗakina, saman sif akwai jaka koriya. Nawa ne a ciki, bandir ɗaya muka raba, rana ɗaya muka jiƙa. Shi za ku sa mata. Ki ɗaure da hannunki, Murja, a madadina."

"To, ke kuma fa?"

"Ni ina da nawa a nan."

Da rana ta kusa faɗuwa, daidai lokacin da za a shiga da Inna Talatu Harami, Ruƙayyatu ta ja Shahad can bayan jirgin inda kiɗa ba ya kaiwa, ta faɗa mata rasuwar. Yarinyar ta yi kuka har ta gaji, sannan ta cire ƙyallen da kanta. Suka kama kusurwa bibbiyu za su ninke, iska ta shiga ciki ta kumbura shi, tana fita ta hudar nan biyu. Ruƙayyatu ta ɗan dakata, ta bar shi ya sha.