Miyar Koelsum a Ƙarƙashin Murfin Azurfa

Mijin ƙanwata, Sedick, ba don yunwa yake cin abinci ba. Ci yake yi don ya samu abin kushewa. Tun da ya sayar da kamfaninsa na shimfiɗa tayil ya faɗa yawon jiragen ruwan shaƙatawa, shi ke nan muka shiga uku. Ya hau na Italiyawa, ya hau na Girkawa, ya hau wani na mutanen Norway da har gobe ba ya bari mu sha ruwa da labarinsa. Mutumin da muka taso unguwa ɗaya a Bo-Kaap, can Cape Town, ina ganinsa yana lashe kwano da yatsa, yau shi ne ba ya kai loma baki sai ya ɗaga cokali ya shinshina kamar mai neman guba.

Ni ce Galiema, yayar matarsa. Tun rasuwar maigidana nake zaune a Johannesburg. Ni ma na hau jiragen nan daidai gwargwado, amma ban taɓa ɗaukar abin a matsayin digiri ba. Koelsum ce ta roƙe ni in biyo su wannan tafiya, daga Cape Town zuwa Mauritius da dawowa. Aurensu zai cika shekara arba'in a tsakiyar teku, ta ce ba ta son ranar ta same ta daga ita sai shi.

Aka ba mu teburinmu na abincin yamma kusa da taga, wanda za mu riƙa zama har ƙarshen tafiya, mu uku da wani tsohon likitan haƙori, Mista Fourie. Shi ma ciwon Sedick ke damunsa. Allah ya haɗa su, mu kuma ya jarrabce mu.

"Ka ga man shanun nan?" in ji Sedick tun daren farko, yana ƙwanƙwasa shi da wuƙa. "A jirgin Italiyawa sai ya yi laushi suke kawowa. Wannan kuwa sai an nemo guduma."

"Na Girkawa fa?" in ji Mista Fourie. "Can kafin ka ajiye cokali an ɗauke faranti. Nan sai a bar ka da ƙayar kifi a gaba kamar kyanwa."

"A'a, Fourie, kar ka ruɗe. Girkawa sun iya hidima, girki ne ba su iya ba. Jatan landensu roba ne zalla."

Rodel, mai hidimar teburinmu, mutumin Filifins da ya fara furfura, yana tsaye yana murmushin dole. Sedick ya mayar da gasasshen nama wai ya wuce, aka kawo wani ya ce bai kai ba. Ya kushe matashin kai, ya kushe tawul, ya kushe makaɗin piyano wai na jirgin Norway ya fi shi sanyin hannu. Har teku sai da ya samu abin faɗa a kanta, wai ta Girkawa ta fi shuɗi. Na ce masa, har da sa masa "Boeta", wato yaya a bakin unguwarmu, "To Boeta Sedick, sai mu kira manaja a sake mata fenti." Ko a jikinsa.

Koelsum kuwa tana gefe tana cin abincinta shiru, kamar yadda ta saba. Ai ba a jirgi ya fara ba. Kowace Alhamis ta Allah tun tana amarya take dafa masa bredie, miyar tumatir ɗinmu da haƙarƙarin rago da dankali, irin yadda mahaifiyarmu ta koya mana. Ita kaɗai ce cikinmu ta riƙe sirrin tsohuwa, wato ɗan busasshen ɓawon lemon tanjarin da ake jefawa idan miya ta kusa nuna. Sedick zai cinye tas, ya side hannu, sannan ya ce gishiri ya yi yawa. Wani makon ya ce ya yi kaɗan. Ban taɓa jin ya ce mata sannu ba.

Bayan mun baro Mauritius, wata safiya muna zaune a barandar jirgi ni da ita, sai ta buɗe jakarta ta nuna mini wani ɗan ƙullin leda. Ɓawon tanjarin ne, wanda ta shanya da hannunta a gida.

"Tietie," in ji ta, don haka take kirana tun tana ƙarama, "na yi magana da babban kuku."

Jirgin yana da wani ɗan kicin da ake koya wa fasinjoji girki. Babban kukun, wani Bafaranshe mai tumbi, ya yarda ta yi amfani da shi ranar cikar aurensu, har ya ware mata haƙarƙarin rago daga naman halal. Ita za ta dafa, su kuma su kawo teburi a matsayin abinci na musamman, ba tare da an faɗi wanda ya yi ba.

Na ce, "Ke kuma wahalar me? An kawo ki hutu kin nemi murhu?"

"So nake in gani ko zai gane hannuna." Ta mayar da ƙullin jaka. "Ba yabo nake nema ba, Tietie, na daɗe da cire rai. Ko kushewa ce. Ko cewa ya yi, wannan ai miyar Koelsum ce, gishiri ya yi yawa, wallahi ya ishe ni, mu koma gida in ci gaba da haƙuri. In kuwa bai gane ba, ke zan bi Johannesburg."

"Koelsum! Da tsufanki?"

"Da tsufana."

Na kalle ta na ga ba wasa take yi ba. Ni fa ba na ƙaunar mutumin nan ko kaɗan, da ta ni ce da tuni ta tattara. Amma da na ga ta ja zif ɗin jaka ta rungume ta, sai tausayinta ya kama ni. Abin kunya, ni Galiema na koma yi wa Sedick addu'a Allah ya buɗe masa hanci.

Ranar cikar auren na raka ta kicin da la'asar. Ta soya albasa har ta yi ja, ta zuba nama, ta rage wuta ta tsaya a kansa kamar tana gida. Kirfa, kanumfari, ɗan sukari don kashe tsamin tumatir, ɓawon nan a ƙarshe. Ba ta ƙara komai ba, ba ta rage komai ba. Bafaranshen abu ɗaya ya nema, a bar shi ya zuba a faranti yadda suke yi. Ya ɗauko farin faranti mai faɗin faifai, ya ɗora 'yar shinkafa da ba ta kai dunƙulen hannu ba, ya jingina haƙarƙari biyu, ya ɗiga miya a kewaye, ya dasa ganye a ka, ya kife da murfin azurfa.

Na ja ta gefe na ce, "Wannan ai an yi masa ɓad-da-kama. Ki ce a zuba a kwano yadda ya saba gani."

Ta ce, "Bar shi. Da baki yake ci, ba da ido ba."

Yammar ta dace da ranar ado ta jirgi. Sedick ya fito cikin baƙar kwat da ɗan nektai mai kama da malam-buɗe-littafi, ya jera bajojin da jiragen suka ba shi a ƙirji sai ka ce wanda ya dawo daga yaƙi. Koelsum ta sa doguwar riga ruwan toka da mayafin da na ba ta. Ta yi kyau ƙwarai. Shi kuwa yana can yana duba ko cokali yana da tabo.

Rodel ya zo da wasu abokan aikinsa, suka ajiye faranti a gaban kowa. Ya ce daga kicin ne, na musamman, don murnar Mista da Misis. Suka ɗage murafan a tare.

Wayyo Allah, ƙamshin nan! Nan take na ga mahaifiyarmu tsaye da ludayi. Ko mushe aka kawo daga unguwarmu zai tashi ya ce bredie.

Sedick ya ɗaga cokali ya shinshina. Ya lumshe ido. Ya kai baki, ya juya loma a hankali, ya tsaya cak. Koelsum ta kama hannuna a ƙarƙashin teburi ta matse har na ji zobe ya shige mini. Ya sake kai wata lomar, ya ajiye cokali.

"Kai!" in ji shi. "Fourie, ka ji abin da nake gaya maka? Wannan shi ne girki! Ko mutanen Norway ba su taɓa kaiwa nan ba." Ya sake shinshinawa. "Akwai wani abu a ciki... ɓawon lemo! Ka ji basira. Wa zai yi tunanin wannan in ba Bafaranshe ba?"

Mista Fourie, duk da iyayinsa, sai da ya ɗan karkata kai. Ya ce, "Amma Sedick, wannan bai yi kama da bredie ɗinku na Bo-Kaap ba?"

Allah ya ba shi ƙofa a buɗe, har da mai nuna masa hanya. Sakaran ya bushe da dariya.

"Bredie? Haba Fourie, kar ka ba ni kunya. Shekara arba'in ina cin bredie, tambayi matata ga ta nan. Wancan jagwalgwalon gida ne, a cika ciki a tashi." Ya juyo gare ta da fara'arsa, wai shi mai kirki. "Koelsum, ci ki ji yadda ake yi. Gobe ki je ki roƙi mutumin nan ya ɗan koya miki kafin mu sauka."

Hannunta ya saki nawa. Na ji jinina ya hau, idona na kan murfin azurfar da ke hannun Rodel, ina auna yadda zai zauna daidai a kan sanƙon Sedick. Na buɗe baki ke nan ta taka mini ƙafa. Rodel ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"To, Sedick," in ji ta.

Ta cinye abincinta tsaf. Shi kuwa ya nemi ƙari, abin da bai taɓa yi ba a kowane jirgi, ya kuma aika a gaishe da kuku.

Ana gobe za mu iso Cape Town aka raba katunan ɗaura wa akwati kamar kullum: rawaya ga masu tafiya gida da mota, kore ga masu wucewa filin jirgin sama. Koelsum ta je wurin masu karɓar baƙi ta canjo nata, ta kuma nemi kujera a jirgin saman da zan hau. Sedick bai lura ba. Ya fitar da akwatunan bakin ƙofa da hannunsa, yana mitar cewa a jirgin Italiyawa ba a barin fasinja ya ɗauki ko jakar hannu.

Da safe muna babban falo muna jiran a kira launinmu, shi da Fourie suna yanke hukunci. Hidima a nan ba ta kai ta Girkawa ba, ɗakuna ba su kai na Norway ba, amma saboda farantin nan guda ya yafe musu. Sai idonsa ya faɗa kan guntun katin da ke hannun matarsa.

"Ka gani ko? Kore! Sun rikita mana launi. A jirgin Norway da an kori wani a kan wannan."

"Ba kuskure ba ne, Sedick."

"Ke me kika sani a harkar jirgi? Zauna nan, bari in ga manaja."

Ya yunƙura ke nan lasifika ta kira masu kore. Koelsum ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta buɗe jaka. Ta kamo hannunsa ta danƙa masa ƙullin ledar nan da sauran ɓawon a ciki.

"Ga shi," in ji ta. "Ranar Alhamis sai ka nemo Bafaranshenka."

Muka bi layi. A bakin ƙofa ban iya daurewa ba, na waiga. Ya kwance ƙullin, ya kai hanci kamar yadda yake yi wa komai. Yana nan tsaye da bajojinsa, leda a hanci, baki buɗe. Mista Fourie yana ta tambayarsa ra'ayinsa a kan kofin da suka sha da safen nan.

Koelsum ba ta waiga ba. Muna tsakiyar matakalar sauka, iska na kaɗa mana mayafi, ta riƙe gwiwar hannuna.

"Tietie," ta ce, "kina da tukunya mai kauri a gidanki, ko sai na saya?"