Ranar da Farfesa Zabala Ya Rufe Mujallarmu

Shekara da shekaru ina renon mujallar sashenmu kamar 'yar cikina. Ta kyauta ce, a yaren Sifaniyanci, duk mai waya zai buɗe ya karanta, daga malamin gona a lardin Nariño har ɗalibar da ba ta da ko kuɗin mota. Farfesa Eleuterio Zabala, shugaban sashe, ya tsane ta. Shi a mujallun Turai yake bugawa, waɗanda ba a leƙa su sai an biya, kuma ko a wajen shan kofi sai ya ce tawa takardar naɗe arepa ce, wato wainar masara. Mutane su yi dariya, ni ma in yi yaƙe.

Abin da ya manta shi ne halinsa. Babu ɗalibin da ke kammala digiri a hannunsa sai ya ambaci ayyukan Farfesan a kowane shafi, ko sun shafi batun ko ba su shafa ba. To ina ɗaliban nan suke bugawa? A wajena. Turawan da yake wa rubutu ba su san da zamansa ba, nan gida kuma ba mai iya buɗe abin da ya rubuta. Kusan duk ambaton da ya ɗaga shi zuwa babban matsayin masu bincike daga mujallata ya fito, kuma ni kaɗai na lura, don ni nake gyara kowace maƙala.

Da ya kai wa majalisar jami'a buƙatar a rufe ta, a sauke shafinta na intanet baki ɗaya don tana zubar mana da mutunci, ƙawata Yolima ta yi ta zungurina in tashi in yi magana. Na tashi, na ce Farfesa ya fi ni sani. Yolima ta daina gaishe ni. Ranar da aka sauke shafin na yi kuka a banɗaki, ba zan ɓoye ba, amma na share hawayena na zauna jira.

Injinan da ke ƙirga yawan ambaton ayyukan malamai a intanet ba su da kunya. Da suka daina ganin mujallar, sai lissafin Farfesa ya fara zubewa kamar buhun shinkafa mai huji, daidai lokacin da ake sabunta matsayin malamai.

Ya same ni a ofis, mutumin da bai taɓa taka ƙofata ba, har da ledar buñuelo, irin fankenmu, mai zafi a hannu.

"Dakta Nubia, 'yar'uwa, ashe akwai ɗan kuskure. Ki mayar da shafin nan a hankali, ba sai kowa ya ji ba."

"Haba Farfesa, ni wa? Majalisa ce ta rufe, majalisa ce za ta buɗe."

Ya ce ai majalisa ba za ta zauna ba sai bayan an gama tantance malamai. Na ce na sani. Na gaya masa in ta zauna, shi zai miƙe a gaban kowa ya faɗi dalilin da ya sa yake son ta dawo, da bakinsa.

Ya miƙe kuwa, ya faɗa, bayan tantancewa ta riga ta mayar da shi ƙaramin mai bincike. Mujallata ta dawo a makon. Matsayinsa bai dawo ba.