Yarinyar Magangarar Ruwa

Halidi na cikin goge gilashin motarsa ta kai baƙi yawon buɗe ido sai ya hangi jakar kayansa a ƙofar gida, matarsa Eshati kuma ta hakimce a kujerar gaba, fuska shafe da ƙullin icen ƙamshi. A tsibirin Nzuwani gida na mace ne, don haka jakar nan ba wasa ba ce. Maƙwabciya ce ta tsegunta mata wai duk ranar da ya kai baƙi magangarar ruwa, sai ya yi ta ba su labarin wata kyakkyawa da ya gani a can, har da lumshe ido.

"Yau da ni za a yi yawon buɗe idon," ta ce. "In gaskiya ne, ka nemi wurin kwana."

Suka ɗauki wasu Turawa, mata da miji, a garin Mutsamudu, suka kama hanyar da ta nannaɗe tsauni. Halidi da bakinsa ba ya hutawa, yau da ƙyar ya nuna musu gonakin kanumfari da ƙattin jemagun da ke rataye a reshe. Aka bar mota, aka kutsa kurmi ana ta santsi a laka, Eshati a gaba, ko haki ba ta yi.

A bakin ruwan Baturiyar ta roƙi labarin nan da ƙawarta ta ce yana bayarwa. Ba mafita. Cikin Faransanci ya faɗi yadda ya tarar da wata yarinya a kan wancan dutsen tana wanke gashinta mai kaiwa kafaɗa, ya kasa ci ya kasa sha sai da ya aure ta. Eshati ta yi makaranta, tana jinsa sarai.

Da Baturiyar ta tambayi inda yarinyar take yanzu, sai ya nuna matarsa.

Eshati ta harare shi. "Malam, a layin asibiti muka haɗu, kumatunka a kumbure da ciwon haƙori."

"Haba uwargida, wa zai hau tsauni don ya ji labarin haƙori?"

Ta juya baya don kada ya ga daɗin da ta ji. Sai a hanyar saukowa ta ce yana iya mayar da jakarsa ɗaki.

"Amma gobe ka gyara. Gashin nan har gadon baya yake, ina ji ka ce kafaɗa."