Waƙar Sewanu Ta Tsaya a Rumbun Jirgi

…kuma Sewanu ba ya yin shiru haka kawai. Mutumin da ko da loma a bakinsa sai ya rera? Akpovi yana tsaye a bakin tsani, ya ware hannuwa ya tare hanya, kunnensa na can ƙasa, cikin rumbun jirgin shinkafa inda Sewanu ya sauka. Shiru.

Haka ake yi a tashar jiragen ruwa ta Kwatano tun kafin Akpovi ya zama shugaban leburori. In an buɗe rumbun da aka turara wa maganin ƙwari, mutum ɗaya ne ke fara sauka, yana waƙa. Muddin ana jin murya, iska lafiya lau. In murya ta yanke… Na'urar gwada iska fa? Tana wajen gyara tun damina. Su kuwa masu jirgi sauri suke, kullum sauri.

Igiyar da aka ɗaura wa Sewanu a ƙugu ma sun ja, ta taho fayau, ba kowa a jikinta. Ya kwance ta. Ɗan banza, ya kwance, wai tana sarƙe masa ƙafa tsakanin buhuna — kullum sai ya faɗa, kullum sai a yi dariya.

"Maigida, matsa in sauka," in ji Hunsu, ɗaya daga cikin leburorin, ya riga ya ɗaure hanci da riga. "Minti ɗaya, in ɗauko shi."

"Ba mai sauka."

Riga. Riga ce za ta tare guba? Ba mai bin wanda ya faɗi sai da tulun iska a baya, doka ce, shi da bakinsa yake nanata musu kowace safiya. Na biyu ya bi na farko, na uku ya bi na biyu, haka rumbu ke cinye mutane. An kira 'yan ceto. Suna tafe. Daga wace ƙofa? Ta layin manyan motocin nan da ko mai babur ba ya ratsawa?

Matarsa Sika, tana zuba masa koko ɗazu da safe, ko kallonsa ba ta yi: "Ka sa ido a kan ƙanena, ka san kansa ba daidai yake ba." Ƙanen matarsa. Shi ya kawo shi aikin nan, shi ya roƙa masa hular kwano. A ce wa Sika me? Na tsaya a sama, ina bin doka?

Ga Sewanu can, ana hango shi ma. Kwance kan buhuna, rub da ciki, kamar mai baccin rana. Ƙafar ce ta motsa, ko idon Akpovi ne ke rawa? Tsani ne kawai tsakaninsu. Ya hau ya sauka tsanin nan shekara da shekaru, ko ido rufe… Ja numfashi, riƙe, sauka, saɓo shi. Zai iya. Wataƙila zai iya.

Hunsu yana kuka yanzu, ƙato da shi, yana zagin uwar doka. Sauran sun zuba wa Akpovi ido — wai jarumi, mai riƙe hankalinsa. Allah sarki, da sun sani.

Don shi ya sani. Lokacin da bakinsa ya ce ba mai sauka, wani abu ya saki a ƙirjinsa, sanyi ya ratsa shi. Daɗi ya ji. Daɗi, wallahi, da dokar ta haɗa har da shi.

Doka ce ta riƙe shi, ko tsoro? Yana ta lalube, ya kasa raba su. Ƙafar ba ta sake motsi ba, shi kuma har yanzu bai sauke hannuwansa ba.